Agogon kwamfuta da matsalar adana lokaci

Daga biyan kuɗi ta wayar salula zuwa rajistar haihuwa, harkokin jama'a da dama a Najeriya da Nijar sun koma hannun na'urori masu ƙwaƙwalwa. To sai dai yadda waɗannan na'urori ke rubuta rana da lokaci na iya mayar da mai gaskiya ya zama mai laifi.

A ƙauyen Cheberu da ke yankin Gwandu a jihar Kebbi, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Hausa, dattawa ba su cika buƙatar duba agogo ba kafin su tsayar da magana. Idan aka ce a haɗu da hantsi, ko bayan la'asar, ko tsakanin magariba da lisha, kowa ya san abin da ake nufi, kuma saɓanin minti goma ko ashirin ba ya hana a yi ciniki ko a ɗaura aure.

Amma a 'yan shekarun nan wani sabon mai shaida ya shigo cikin harkokin mutane, wato kwamfuta, wadda ba ta san hantsi ba, ba ta san walaha ba, sai lamba. Shigowarta ta ƙara ƙarfi a farkon shekara ta 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a ko'ina cikin Najeriya, abin da ya tilasta wa manoma da 'yan kasuwar ƙauye rungumar na'urar POS da tura kuɗi ta waya. Tun daga wannan lokaci duk buhun shinkafa ko geron da aka biya kuɗinsa ta wannan hanya, akwai wani rumbun adana bayanai a wani wuri da ya rubuta ranar da aka biya, da awa, da minti, har da sakan.

A ɗauka cewa wani manomi a Cheberu ya karɓi rancen taki daga wata ƙungiya mai amfani da manhajar intanet, bisa sharaɗin zai biya kafin watan Mayu ya ƙare, in ba haka ba a ci shi tara. Sai ya samu ya haɗa kuɗin, ya tura da ƙarfe 11 da rabi na daren 31 ga wata. Idan babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan ƙungiyar tana birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, inda kamfanoni da yawa ke hayar irin waɗannan na'urori, kuma wanda ya tsara manhajar ya bar ta tana rubuta abin da agogon can ya nuna, to abin da zai shiga rumbun shi ne ƙarfe 12 da rabi na daren 1 ga watan Yuni. Manomin ya cika alkawari, amma a rubuce ya saɓa. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sata, duk da haka tara ta hau kansa.

Rana ɗaya, agogo daban-daban

Kafin a fahimci tushen wannan matsala sai an koma ga yadda ɗan Adam ya tsara agogo tun farko. Duniya na kammala juyawa sau ɗaya a cikin awa 24, kuma masana sun raba kewayenta zuwa digiri 360. Ke nan a kowace awa tana cin digiri 15, kowane digiri ɗaya kuma daidai yake da minti huɗu. Wannan ne ya sa garin da ke gabas ke riga na yamma ganin fitowar rana da faɗuwarta.

Masu azumi a arewacin Najeriya sun san haka ba tare da wani ya koya musu ba. Tsakanin Maiduguri da Gwandu akwai tazarar digiri takwas da ɗoriya, saboda haka mutanen Borno kan sha ruwa fiye da rabin awa kafin mutanen Kebbi, alhali kuwa agogon hannunsu ɗaya ne. Hasali ma agogon da Najeriya ke amfani da shi an gina shi ne a kan layin digiri 15, wanda ya ratsa kusa da birnin N'Djamena na ƙasar Chadi. Shi ya sa a Gwandu rana kan kai tsaka kimanin minti 40 bayan agogo ya buga 12, wani lokaci da ɗan ƙari, wani lokaci da ɗan ragi, gwargwadon watan da ake ciki.

A zamanin da kowane gari na bin ranarsa ne. Jirgin ƙasa da wayar tangarahu ne suka sa dole a daidaita. A watan Oktoba na shekara ta 1884 wakilan ƙasashe 25 suka hallara a birnin Washington, inda suka amince da layin da ya ratsa unguwar Greenwich ta birnin London a matsayin mafarin lissafi. Daga nan ne aka samu agogon GMT da masu sauraron rediyo suka saba jin ana ambata, kafin a ce musu ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar.

Ita ma Najeriya ba ta samu agogonta na yanzu a rana ɗaya ba. Legas ta yi amfani da agogon ranarta, wanda ya ɗara na Greenwich da minti 13 da sakan 35. A shekara ta 1905 aka koma GMT, a 1908 aka sake komawa tsohon tsari. Ranar 1 ga watan Janairu na 1914, wato ranar da Lugard ya haɗe kudu da arewa, aka tsayar da agogo a kan ƙarin rabin awa, sannan daga 1 ga watan Satumba na 1919 aka mayar da shi ƙarin awa ɗaya cif, inda yake har yau. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne cewa agogon ƙasa doka ce ta hukuma, kuma abin da hukuma ta kafa tana iya sauyawa.

Inda gizo ke saƙar

Rumbun adana bayanai tamkar babban littafin akawu ne mai layuka da gidaje, inda kowane gida ke karɓar irin abin da aka tanadar masa: wannan na suna, wancan na adadin kuɗi, wancan kuma na lokaci. Kuskuren da sabbin masu tsara manhaja suka fi yi shi ne su rubuta lokaci tsurarsa, alal misali ƙarfe 2 da rabi na ranar kaza, ba tare da sun bayyana agogon wace ƙasa ba ne. Muddin mai rubutawa da mai karantawa suna ƙarƙashin agogo ɗaya, babu wanda zai lura. Ranar da ɗayansu ya matsa, sai magana ta rikice.

Abin da ya sa wannan kuskure ke daɗewa a ɓoye a Najeriya shi ne al'adar ƙasashen Turai ta sauya agogo sau biyu a shekara. A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris suna tura shi gaba da awa ɗaya, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma su dawo da shi. Sakamakon haka a lokacin hunturu agogon Jamus da Faransa daidai yake da na Najeriya, da bazara kuwa ya ɗara shi da awa ɗaya. A Ingila lamarin akasin haka ne: da bazara agogon London ɗaya yake da na Birnin Kebbi, da hunturu kuma yana baya da awa guda. Ke nan matashin da ya gwada manhajarsa a watan Disamba a kan kwamfutar da ke Frankfurt zai ga komai lafiya lau, har ya miƙa aiki ya karɓi kuɗinsa. Sai ƙarshen watan Maris ne rasit ɗin jama'a za su fara nuna lokacin da ba shi ba.

Bugu da ƙari sauyin agogon na haifar da wani abin mamaki. A daren da Jamus ke dawo da agogonta baya, idan ya kai ƙarfe 3 sai a mayar da shi 2, don haka ƙarfe 2 da rabi na zuwa sau biyu a dare guda. A daren watan Maris kuwa daga 2 ake tsallakawa zuwa 3, ta yadda babu ƙarfe 2 da rabi sam. Rumbun da ya rubuta ciniki biyu a wancan dare na Oktoba da lokaci tsura ba zai iya tantance wanda ya riga wani ba. A harkar banki kuwa jeri shi ne komai, domin ko kuɗi ya shiga asusu kafin a cire, ko an cire kafin ya shiga, shi ke raba ciniki halal da bashi.

Ƙidaya ɗaya ga kowa

Maganin da masana suka daɗe da amincewa da shi ga abin da ya riga ya faru shi ne a adana shi da agogo guda ɗaya wanda ba ya sauyawa, wato UTC. Shi ne magajin GMT, wanda ya samu tsarinsa na yanzu a shekara ta 1972, kuma ana lissafa shi ne da agogunan ƙwayar zarra da ke cibiyoyin bincike a ƙasashe daban-daban. Ba shi da bazara, ba shi da hunturu. Agogon Najeriya da Nijar da Benin da Kamaru ya ɗara shi da awa ɗaya, na Ghana da Togo daidai yake da shi, na Saudiyya kuma ya ɗara shi da awa uku.

Ka'idar mai sauƙi ce. Idan bayani ya iso, a juya lokacinsa zuwa UTC kafin a rubuta. Idan wani ya zo dubawa, a juya masa zuwa agogon inda yake. Manomin Cheberu da ya biya da 11 da rabi na dare, za a rubuta masa 10 da rabi agogon UTC na ranar 31 ga Mayu, ko da kuwa kwamfutar tana Frankfurt ce ko Mumbai. Sannan wa'adin rancen ma a fassara shi da ma'aunin guda: ƙarshen wata a Kebbi shi ne ƙarfe 11 na dare agogon UTC. Da an kwatanta biyun za a ga ya biya da sauran rabin awa.

Yawancin kwamfutoci ma ba sa riƙe rana da wata a cikinsu. Abin da suke yi shi ne ƙirga sakan nawa suka wuce tun daga tsakar daren 1 ga watan Janairu na 1970 agogon UTC, tsarin da ya samo asali daga manhajar Unix. A ranar 14 ga watan Nuwamba na 2023, da ƙarfe 10 da minti 13 da sakan 20 na dare agogon UTC, wannan ƙidaya ta kai 1,700,000,000 cif. A daidai wannan ƙiftawar ido agogon Gwandu na nuna 11 da minti 13 na daren 14 ga wata, na Makka kuwa ya riga ya shiga 15 ga wata. Lamba ɗaya ce, kowa ya karanta ta da agogonsa.

Domin musayar bayani tsakanin na'urori kuma, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fito da tsarin ISO 8601 a shekara ta 1988. A wannan tsari shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana, sai awa, sannan a ƙarshe a nuna tazarar agogon da UTC. Biyan kuɗin manominmu zai kasance kamar haka: 2024-05-31T23:30:00+01:00. Wannan ƙarin awa ɗaya da ke ƙarshen layin shi ne shaidar da ke hana jayayya.

Har wa yau wajibi ne mai tsara manhaja ya san halin rumbun da yake aiki da shi. A MySQL, wanda shafukan intanet masu yawa ke amfani da shi, gida mai suna TIMESTAMP kan juya lokaci zuwa UTC da kansa, amma mai suna DATETIME abin da aka ba shi kawai yake riƙewa. A PostgreSQL ma akwai gida iri biyu, mai la'akari da yankin agogo da marar yi. Zaɓen da aka yi a ranar farko shi zai bi bayanan har ƙarshe, domin idan aka tara layuka miliyan ɗaya da lokaci tsura, gano agogon da aka rubuta kowane ɗaya da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ranar haihuwa ba ta da awa

To sai dai kuma ba kowane abu ne ya kamata a juya zuwa UTC ba, kuma a nan ne masu ƙaramin sani kan faɗa wani ramin. Ranar haihuwa, ranar ɗaurin aure, ranar da aka ba da fili, duk ranaku ne na kalanda, ba su da alaƙa da awa. Idan manhaja ta ɗauki ranar haihuwa ta liƙa mata ƙarfe 12 na dare agogon Najeriya, sannan ta juya zuwa UTC, abin da zai fito shi ne ƙarfe 11 na daren jiya. Daga baya idan aka yanke awar aka nuna ranar kaɗai, mutum ya koma baya da kwana ɗaya.

Wannan ya fi muni ga ɗimbin mutanen karkara da ba su da takardar haihuwa, waɗanda akan rubuta wa 1 ga watan Janairu a matsayin ranar haihuwarsu. Wanda aka rubuta wa 1 ga Janairun 2001 zai koma 31 ga Disambar 2000, wato rana da wata da shekara duk sun sauya lokaci guda. A ƙasar da tun 2021 sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ake rajistar jarrabawar JAMB, kuma ake son bayanan banki da na fasfo su yi daidai da na katin shaida, saɓanin kwana ɗaya na iya jawo wa ɗalibi ko maniyyaci zirga-zirgar makonni tsakanin ƙauye da babban birnin jiha, da rantsuwa a kotu, da kashe kuɗin mota. Hanyar kauce wa hakan ita ce a ajiye irin wannan bayani a gidan da ke karɓar rana kaɗai, kada a taɓa juya shi.

Akwai kuma matsalolin da ke tasowa tun kafin bayani ya shiga na'ura. Idan aka rubuta 03/04, ɗan Najeriya zai karanta 3 ga Afrilu, manhajar da aka ƙera a Amurka kuwa za ta ɗauka 4 ga Maris ce. Kuskuren ba ya bayyana sai ranar ta wuce 12 ga wata, tunda babu wata na 13. Kazalika a lissafin Musulunci rana na farawa ne daga faɗuwar rana. Idan tsohuwa ta ce an haifi jikarta a daren Juma'a, tana nufin daren da ya biyo bayan magaribar Alhamis. Jaririyar da ta zo duniya da ƙarfe 9 na wannan dare, a wajen dangi Jummai ce, a kalandar asibiti kuwa ranar Alhamis aka haife ta. Ma'aikacin rajista da bai yi tambaya ba zai iya rubuta ranar da ba ita ba.

Haka abin yake ga watannin Hijira. A Najeriya ana dogara ne ga ganin wata, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ne ke sanar da kamawarsa, yayin da wayoyi da kwamfutoci galibi ke bin lissafin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. Sau da yawa akan samu bambancin kwana ɗaya. Saboda haka makaranta ko kotun shari'a da ke son riƙe ranar Hijira, ya fi dacewa ta rubuta ta yadda aka sanar a ƙasa, a gefen ranar Miladiyya, maimakon ta bar na'ura ta lissafa mata.

Alkawarin da ke gaba

Nau'i na uku shi ne abin da bai faru ba tukuna, kamar zaman kotu, ko ganin likita, ko tashin jirgi. A nan abin da mutane suka yi alkawari a kai shi ne agogon bangon garin. A ranar 1 ga watan Nuwamba na 2017 gwamnatin Sudan ta mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Bahaushen Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu, wanda tun watan Agusta aka ba shi ƙarfe 10 na safe don ganin likita a Khartoum cikin watan Disamba, ƙarfe 10 ɗin sabon agogo ake nufi. Da a ce manhajar asibitin ta riga ta juya alkawarin zuwa UTC da tsohon lissafi, to da sai ta aiko masa da saƙon ƙarfe 9. Shi ya sa ga abin da ke gaba ake adana lokacin gida tare da sunan yankin agogo, sai ranar ta matso a yi lissafin.

Irin waɗannan sauye-sauye na faruwa fiye da yadda ake zato. A watan Maris na 2023 gwamnatin Lebanon ta ɗage tura agogo gaba saboda azumin Ramadan, kwanaki kaɗan kafin ranar da aka saba. Majami'ar Maronite da wasu makarantu da kafofin watsa labarai suka ƙi bi, ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu kafin majalisar ministoci ta janye shawarar. Ita kuwa Maroko, a shekara ta 2018 ta tsayar da agogonta a kan ƙarin awa ɗaya, sannan ta riƙa mayar da shi baya a duk watan Ramadan. Tsibirin Samoa ma a 2011 ya tsallake ranar 30 ga watan Disamba ɗungurungum, domin kalandarsa ta yi daidai da ta Ostareliya da New Zealand.

Akwai kundi guda da ke tattara duk waɗannan dokoki na ƙasashen duniya, wanda Arthur David Olson ya fara haɗawa a Amurka cikin shekarun 1980, Paul Eggert na jami'ar California ya ci gaba da kula da shi, kuma tun 2011 yake ƙarƙashin hukumar IANA. Kusan kowace waya da kwamfuta na ɗauke da kwafinsa. A cikinsa sunan agogon Najeriya shi ne Africa/Lagos, na Saudiyya kuma Asia/Riyadh. Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, inda jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024, zai ga tikitinsa na nuna tashi da agogon Najeriya, sauka kuma da agogon Saudiyya. Idan ya tashi da 10 na safe ya yi awa biyar a sama, tikitin zai ce 5 na yamma, alhali iyalinsa a gida agogonsu na nuna 3.

Agogon wa za a gaskata?

Ko da an bi duk waɗannan ka'idoji, akwai sauran tambaya: wane ne ya faɗi lokacin? A ƙauyen da ake kai waya shagon mai caji, ƙananan wayoyi da yawa kan manta rana da zarar an cire batir, mai wayar kuma ya saita yadda ya ga dama ko ya bar ta haka. Daɗin daɗawa mai son zamba na iya mayar da agogon wayarsa baya da gangan don ya nuna ya aika abu a kan kari. Don haka manhajar da ta san abin da take yi ba ta dogara da agogon wayar mai amfani. Babbar kwamfuta ce ke buga hatimin lokaci, ita kuma tana daidaita kanta da agogunan duniya ta hanyar tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1980.

Amma a inda babu sabis, ma'aikaciyar lafiya da ta yi wa yara rigakafi da safe na iya kasa aika bayaninta sai da dare, ko bayan kwana biyu idan ta shigo gari. A irin wannan yanayi lokaci biyu ake adanawa, wato sanda aka yi aikin bisa ga wayarta, da sanda bayanin ya iso. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta saɓa wa hankali, sai a bincika.

Cewa ƙaramin kuskuren agogo na iya jawo asarar rai abu ne da ya taɓa faruwa. A ranar 25 ga watan Fabrairu na 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dhahran ta Saudiyya, ya kashe 28. Binciken da aka yi ya gano cewa na'urar kariya ta Patriot ta shafe kimanin awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, kuma ɗan kuskuren da ke cikin lissafin agogonta ya taru har ya kai kusan sulusin sakan ɗaya. Wannan ya isa ya sa ta nemi makamin a inda ba ya nan.

A gaban alƙali

A Najeriya sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan da kwamfuta ta fitar, bisa sharaɗin a tabbatar na'urar na aiki yadda ya kamata a lokacin da ake magana. Rumbun da lokutansa ke karo da juna na ba lauyan ɗaya ɓangaren ƙofar da zai rushe shaidar baki ɗaya. Jama'a sun ga muhimmancin hatimin lokaci bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga watan Fabrairun 2023, inda batun yaushe aka ɗora sakamakon rumfunan zaɓe a shafin IReV na hukumar INEC ya zama abin jayayya har gaban kotu. Takaddamar ba ta shafi bambancin agogo ba, amma ta nuna cewa tambayar yaushe na iya yin nauyi daidai da tambayar nawa.

Akwai kuma wani wa'adi da ke jiran masu tsofaffin na'urori. Kwamfutocin da ke riƙe ƙidayar sakan a cikin gurbi 32 ba za su iya wuce 2,147,483,647 ba, kuma za a kai wannan lamba ranar 19 ga watan Janairu na 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 da sakan 7 na asuba agogon Najeriya. Sakan ɗaya bayan haka irin waɗannan na'urori za su ɗauka an koma watan Disamba na 1901. Lamarin ya yi kama da fargabar shekara ta 2000, wadda aka tsallake saboda an kashe kuɗi da yawa an gyara tun da wuri. Sabbin na'urori masu gurbi 64 sun kuɓuta, amma duk rumbun da ke lissafa ranar ritayar ma'aikaci, ko ranar da yaron da aka haifa a 2020 zai cika shekara 18, tuni ya fara taɓa wannan iyaka. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa manomi ko ɗan kasuwa da ba ruwansa da tsara manhaja, akwai abin da ke hannunsa. Kowane kuɗi da aka tura tsakanin bankuna ta tsarin gaggawa na NIBSS, wanda ya fara aiki a 2011, na ɗauke da wata lamba mai alƙaluma 30 da akan buga a jikin rasit. Shida na farko na nuna bankin da ya aika, 12 da ke biye kuma shekara ce da wata da rana da awa da minti da sakan da aka tura. Duk wanda ya adana rasit ɗinsa ko saƙon da banki ya aiko masa, yana riƙe da shaidar da zai gabatar idan wata manhaja ta ce ya makara. Haka nan a wajen rajistar haihuwa ko ta katin shaida, yana da kyau mutum ya sa a karanta masa rana da wata da shekara daga takardar da aka buga, tun bai bar gaban ma'aikacin ba.